Ruwan Rijiyar Baba

Wannan mai sayen ma kurɓa ɗaya ya yi ya tofar, ya goge baki, ya nufi motarsa.

Wanda zai sayi gida a hamada ba ɗakuna yake fara dubawa ba, ruwa yake ɗanɗanawa. Gidan kuwa ba shi da makusa: fili iya ganinka, barga mai inuwa, fagen sukuwa, ga rijiyar da marigayi Baba ya haƙa. Tun rasuwarsa babban ɗansa, Yaya, ya dage a sayar, a mai da Inna birni kusa da asibiti. Inna dai ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Auta ne ya ƙaurace wa kowa, ya tare a barga wurin dawakai.

Yaya ya san ruwan nan, da shi ya girma. To me ya sa kowane baƙo ke cewa ɗacin kanwa yake yi? Sai ya tuna da buhun kanwar da ake ba dawakai su lasa.

"Auta, kanwar nan tana saurin raguwa."

"Dawakai ke lasa, Yaya. Ko in sa musu takunkumi?"

Yaya bai yi dariya ba. Ya kulle buhun a ɗaki, ya yi wa rijiya murfi da kwaɗo, ya rataya makullan a wuyansa. Ranar da wani mai sayen zai zo, da kansa ya ja guga, ya sha, ya ji garɗi, ya kai ruwan madafa.

Baƙo ya iso. Inna, wadda ba ta yarda wani ya tari baƙo da ruwa a gidanta, ta fito da kofi da fara'arta. Mutumin ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

Ran nan Yaya ya faɗa wa ƙanensa abin da baki bai kamata ya faɗa ba. Auta ya ɗaura wa dokinsa sirdi ya bar gidan.

Bayan mako guda wata motar ta tsaya a ƙofa. Yaya, hankalinsa kwance, ya leƙa madafa ya ce wa Inna an yi baƙo. Ya same ta ta ba ƙofa baya, ta kwance ƙullin da ke gefen zaninta, tana barbaɗa farin gari a kofin baƙi, tana motsawa da yatsa.