Makokin da Inno Ta Ji a Rediyo

Rediyo na cewa an sassauta tutoci, ƙasa ta shiga zaman makoki, Inno ta ɗago kai. Tun ranar da 'yan bindiga suka tare motar 'yan kasuwar Goronyo suka kashe autanta, ruwa kawai take iya haɗiyewa.

"Ma'azu, mi sunka ce? Don su Auta na?" ta tambayi ɗanta.

Ya yi maza ya kashe rediyon. "Don su na, Inna."

"Ashe sun san da mu," ta ce, ta jawo kwanon fura.

Ma'azu ya fita zaure ya yi kukansa. Tun da safe ya ji sanarwar: wani tsohon minista ne ya rasu a asibitin ƙasar waje. Su Auta kuwa, ko ambatonsu ba a yi ba.