Gardi a Bayan Ƙarfe

Ƙofar ƙarfe ta rufe ƙaram, Ɗanmalam ya tsinci kansa a ciki, sanye da rigar fursuna.

"Baba, wasa ne fa," in ji 'yarsa Ramla tana dariya. Ita ta jawo shi sabon wurin shaƙatawar nan na Tanut, wanda aka shirya kamar gidan kaso. Baƙi su ne fursunoni, suna shan zoɓo da lemun tsamiya a kofin silba, 'yan wasan kwaikwayo na yi musu shari'a.

Shi dai bai yi dariya ba. Ya yi aikin gardin kaso har ya yi ritaya, kuma ya gane mai riƙe da makullin. Nafi'u ne, fursunan da ya taɓa zama a hannunsa.

Nafi'u ya daka tsawa: "A fito da tsohon can!"

Ɗanmalam ya fito. A ransa ya ce yau za a rama, a gaban 'yarsa da mutanen gari.

Nafi'u ya tsaya gabansa fuska a murtuke. "Jama'a, ga laifinsa. Lokacin da nake kaso, kowa ya guje ni, mutumin nan ne ke kai wa tsohuwata gaisuwata har Tarka, a kan babur ɗinsa."

Sai Nafi'u ya dubi Ɗanmalam, ya kira shi da sunan da fursunoni ke kiransa a da.

"Wurin nan nawa ne, Shef. Na yanke maka ɗaurin rai da rai a tebur na gaba. A kawo masa gasasshiyar zabuwa!"