Muryar Gambo a Bakin Bindiga

Tun da aka kafa dokar nan, kowace bindiga in an harba ta sai ta faɗi sunan mai ita, da muryarsa. Ta mijina cewa take, "Gambo maharbi ne." Da ya rasu, maharba suka ce a bar ta rataye a ɗakinsa sai an yi sadakar arba'in, haka al'adarsu take. Cikin cinkoson 'yan gaisuwa wani la'ananne ya sace ta.

Wata huɗu ana tare hanyar kasuwa ana fashi da ita. An harbi direba, an harbi mai shanu, kowa ya ji Gambo. Mutumin da ko kazar wani bai taɓa ɗauka ba, yana kabari ana ce masa ɗan fashi!

Yau da safe aka ce an kama ɓarayin. Ko takalmi ban tsaya sawa ba, na yi ofishin bindigogi da gudu.

Na ce wa ma'aikacin, "Kai ɗan nan, ku cire sunan mijina daga bakin ƙarfen nan, ku yi shela a kasuwa ba shi ba ne!"

"Iya, kwantar da hankalinki, an yi shelar. Yanzu zan goge muryar."

Ya kai yatsa kan bindigar, na damƙe hannunsa. Ko hoton Gambo ba ni da shi. Muryar nan kaɗai ta rage mini.

"Tsaya tukuna. Fita da ita waje, ka harba sama sau ɗaya in ji."