Kwaɗon da Ya Garƙama

Faifan wasan kwamfutar na asali ne, amma na'urar ta ƙi buɗe shi. Izini take nema daga kamfanin da ya daɗe da rushewa.

"Baba, ba kai ka ƙirƙiri wasan ba?" in ji 'yarsa.

Shi ne kuwa. Shi ne ma ya garƙama masa kwaɗon hana kwafa.

Washegari ya gangara tsakiyar Johannesburg, wajen mai faya-fayen sata.

"Wannan tsohon wasan? Akwai shi, kawu," in ji mai shagon, yana dariya. "Kafin shayi ya huce muka ɓalle kwaɗonsa."

Ya sayi kwafin satar. A gida wasan ya buɗe lafiya lau. Yarinyar ta daka tsalle, tana nuna sunan babanta a jikin allo, can ƙasa da sunayen ɓarayin da suka ɓalle kwaɗon.