Bawul ɗin Muntaka

Bawul na biyar ya fashe tun kafin hantsi. Ruwa ya yi tsartuwa ta gefen bututu, injin ya shaƙi iska, ya mutu.

A shekarar nan gero bai yi ba a ƙauyukan Tsanyawa. Gida talatin sun zuba ido ga albasar da ke kan tudu, kuma injin nan kaɗai ke tura mata ruwa daga rijiya. Duk ƙarfin ruwan a kan bawul yake sauka, wato faifan fatar da ke toshe bututu kada ruwa ya komo. Shekara goma sha biyu Muntaka ke yanka shi, bai taɓa ɗiga ba. Yakan yanka da safe, ya ajiye a kan turmi a tsakar gida ya sha iska, ya dawo ya ɗauka bayan la'asar.

Yau kwana tara ba ruwa. Ganyen albasa ya fara kwanciya.

"Muntaka, hannun ne ya tsufa ko idon?" in ji Malam Uwaisu, mai unguwa. "In jibi ta yi a haka, sai mu ci ƙasa."

"Wallahi Malam, yadda na saba yi haka nake yi."

"To ai saura ka gaya wa albasar."

Ya gwada fatar saniya. Ya gwada ta raƙumi, ya gwada robar taya, ya sake awo da zare har sau uku. Babu wanda ya kai azahar. Mutane suka daina yi masa sannu da aiki. Ya shiga gida da yunwa, murhu ba wuta, don wata biyu ke nan da ya sallami matarsa Kulu da saki na uku. Mutum ne da ba ya ɗaukar ɓarna a gidansa.

Ya zazzage buhun tarkace, ya lalubo wani tsohon bawul na bara, ya tsaga shi da aska ko zai ga inda yake kuskure.

Fata biyu ce a haɗe. An bi bakinta da ɗinki ƙanana, an dafa ta a mai har ta yi laushi. Shi kuwa fata ɗaya yake yankawa, kuma tun da yake bai taɓa riƙe allura ba.

Ya kai ta hancinsa. Man kaɗanya ne, wanda a kansa ne ya saki Kulu don yana ƙarewa a gidan ba dalili.