Karatun Sawu

Na gama ce wa baƙin rabona da ganin raƙuman dawa tun damina ke nan, sai 'yata ta fito daga bayan rumbu ta ce wa babbansu:

"Suna kwarin gawo, kawu. Uwa ce da ɗanta, ɗan yana ɗingishi. Da safe na ga sawunsu."

Baƙin su biyu ne a kan babur, da wani dogon abu naɗe cikin buhu. Ganin buhun ne ya sa na ɓoye musu.

Tun da aka rufe makarantar ƙauyenmu na Dallol Bosso, daji ya zama ajinmu. Ban yi boko ba, sai na koya mata abin da na iya: karanta sawu, da gaya wa matafiyi gaskiya idan ya tambayi hanya. Shekararta bakwai, ba ta taɓa faɗuwa ba.

Babbansu ya yi dariya. "Tsoho, yarinyar nan ta fi ka ido."

Suka tayar da babur. Ta tsaya tana kallona.

"Baba, ni na yi kuskure, ko kai?"

Can sai muka ji ƙarar bindiga daga kwarin, sau biyu.