Keken Ɗinki da Tsummoki

Auta, na buɗe manhajar karatun da ka sa mini a waya. Kafin ta nuna mini layi ɗaya sai da ta tambaye ni launin da nake so, da girman baƙi, da muryar wa zan saurara, da wasu abubuwan da ko sunansu ban taɓa ji ba. Na rufe ta, na ɗauko tsohon littafina. Ka ce ka yi haka ne don kowa ya tsara ta yadda ransa yake so. Allah Ya yi maka albarka, amma ga wani misali.

Wata mata mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya. Ta sayar da akuyarta ta sayi keken ɗinki, irin mai ɗinki kala-kala. Mai shagon mutumin kirki ne, bai ɓoye mata komai ba. A tsaye ya nuna mata duk abin murɗawar da ke jikin keken: wannan na tsawon ɗinki, wannan na ƙarfin zare, wancan na ado. Ta yi ta gyaɗa kai don kunya. Da ta isa gida, wata maƙwabciya ta kawo mata atamfar suna, aikinta na farko. Ta murɗa nan, ta murɗa can, tana neman wanda ya fi kyau. Zare ya cukurkuɗe, allura ta karye, atamfa ta tattare kamar fatar tsohuwa. Maƙwabciya ta karɓi kayanta ta fice. Matar ta lulluɓe keken da zani, ya zama wurin ɗora kwanuka, ga akuya kuma ta tafi.

Ana nan sai wani tsoho mai gyaran keke ya biyo ta layin, ta yi masa sallama ta ce kekenta ya lalace. Ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya saita shi a miƙaƙƙen ɗinki, ya yayyaga tsumma ya ɗaure duk abin murɗawar ban da ɗaya. Ya ce, “'Yata, yi ta kalmasa bakin zani. Ranar da wani aiki ya gagare ki, ki kwance tsumma ɗaya. Ɗaya tak.” Wata biyu tana kalmasa. Ranar da aka kawo mata yadi mai santsi ta kwance na farko, ta kuwa gane amfaninsa nan take, domin a ranar take bukatarsa. Kafin shekara ta zagayo babu sauran tsumma a jikin keken, maƙwabciyar nan ma ta dawo da wata atamfar.

Ban ce ka cire komai daga manhajarka ba, Auta. Ɗaure su kawai za ka yi, ka buɗe wa baƙo shafin farko ya fara karatu. Ni da na koya wa kaina karatu, da baƙi ɗaya na fara, a jikin kwalin ashana. Kai ma a tsakar gidan nan na ga yadda ka soma tafiya. Da rarrafe yaro kan tashi.